Cinyar Rago a Ƙofar Fada

Ni mahauci ne ɗan mahauci, daga Jibiya, sunana Sallau. Mutumin da ya yi mini hanyar Saudiyya ya rantse mini da girman Allah cewa a babbar mayanka zan yi aiki, mai injina da firij, har da ɗakin kwana mai na'urar sanyi. Da na sauka Riyad wani ya karɓe ni, ya zuba ni bayan mota, muka yi ta tafiya har gari ya ƙare, sannan ya sauke ni a wani garken raƙuma. Ni da na saba in kalli dabba in fara tunanin ta inda wuƙa za ta shiga, sai ga ni ina bin bayanta da shebur. Na yi ta kiran mutumin nan a waya har ya gaji ya canza lamba. Har yau in na tuna shi sai na yi a'uziyya, don kada bakina ya faɗi abin da ke zuciyata.

Wani Basudane mai kawo mana ruwa a tanka shi ya fitar da ni daga wurin. Ya tarar da ni ina fiɗa ranar da maigidan ya yi baƙi, ya tambaye ni sana'ata, na faɗa masa. Shi ya shiga ya fita har kafil ɗina, wato wanda zamana a ƙasar yake hannunsa, ya yarda ya sake ni ga wani mai shagon nama a unguwar Suwaidi. Usman kawai na san sunansa. Ban sake ganinsa ba, amma babu sallar da ba na sa shi a addu'a.

A Suwaidi na fara jin ni ma mutum ne. Unguwa ce cunkus da shaguna, ga masallaci a kowace kwana, ga ƙanshin burodin tanda tun da sassafe. Na samu wurin kwana a ɗakin wani Bakano mai suna Bala, direban wani shagon kayan lantarki, mai kai wa mutane firij da injin wanki a buɗaɗɗiyar mota. Bala mutumin kirki ne, sai dai in daga bakinsa ka ji, babu abin da bai sani ba a ƙasar Saudiyya. Larabcinsa kuwa na titi ne, ya fi yawa a hannu da kai.

Na ukunmu Isuhu, ya zo bayana. Ranar da Bala ya shigo da shi na dube shi na ce, wannan fuskar na san ta. Ashe shi ne mai kawo bandar kifi kasuwar Jibiya ranar Lahadi, daga wani ƙauye a bakin tafkin Madarunfa, can tsallaken iyaka cikin Nijar. Masunci ne gaba da baya, wansa Garba shi ne sarkin ruwan ƙauyensu. Shi ma an yi masa irin tawa. An ce masa gonar kifi, ya zo ya tarar da wurin wankin mota.

Tsakanin mahauta da masunta akwai wasa tun kaka da kakanni, don haka ban bar shi ya huta ba. Na raɗa masa Sarkin Ruwan Tiyo. In ya dawo aiki da jiƙaƙƙen wando sai in ce, "Sarki, yau motoci nawa suka faɗa koma?"

Shi kuma bai taɓa barin ta ta faɗi ƙasa ba. "Gara ni," zai ce, "wanda na taɓa yana tashi ya tahi gida tsaf. Kai wa ya taɓa shiga hannunka ya sake takawa?"

Wannan wasan shi ya riƙe mu. In kewar gida ta taso wa ɗayanmu, ɗayan zai tsokane shi har sai ya yi dariya ko ya yi zagi, duk wanda ya samu dai an rage. Haka muka ci zafin bazara, wanda in ka fito da rana sai ka ji kamar ka leƙa tukunyar tsire.

Da sanyi ya shigo aka bugo wa Isuhu waya cewa Garba ya rasu. Shi ya raine shi, don ubansu ya mutu Isuhu yana ƙarami. 'Yan Maraɗi da Damagaram da ke kusa suka zo ɗakinmu aka yi addu'a, kowa ya watse. Isuhu ya je wajen kafil ɗinsa ya nemi a bar shi ya je gida, aka ce sai kwantiraginsa ya cika, saura 'yan watanni.

Daga nan ya fara bushewa muna kallo. In na kawo kayan ciki daga shago na yi farfesu, sai ya ɗaga cokali ya ajiye. Na kira shi Sarkin Ruwan Tiyo, ya kalle ni kamar bai san yaren ba. Ya fara fashin aiki da sunan ciwo, wani ɗan Bangaladash da suke aiki tare yana rufa masa asiri, yana wanke rabonsa. Sannan ya faɗa hannun masu ba da muguwar shawara. Suka ce masa ya bar kafil, ya hau motar Jidda, ya je ya zauna inda marasa takarda ke taruwa har a kama shi, gwamnati ta mayar da shi gida kyauta.

Bala ya zaunar da shi ya warware masa komai. Da zarar ya ɓace kafil zai kai rahoton ya gudu. Daga nan sai gidan tsare mutane, babu wanda ya san tsawon zaman da zai yi a ciki. A ɗauki zanen yatsunsa, a rufe masa ƙofar ƙasar, ya sauka gida da rigar jikinsa kawai, ga 'ya'yansa ga marayun Garba duk suna kallon hannunsa. Isuhu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji."

Wata Alhamis na dawo cin abincin rana na tarar yana cusa kayansa a jaka.

"Ina zuwa?" na ce.

"Jibi zan tahi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mai makoki. Na ce masa ragon namiji, na ce Garba da yana raye da shi zai fara marinsa. So nake ya taso mini, ko da duka ne. Ya ci gaba da ninke wandonsa. A nan tsoro ya kama ni, don na gane mutumin nan ya riga ya yi nisa.

Bala ne ya ja ni waje. Ya ce, "Sallau, faɗa ba zai yi ba. Wannan mutumin ruwa ne, tun da ya zo bai ga ruwan da ya fi bokiti ba. Akwai wani tsohon gari da na kai kaya kwanan baya, arewa da nan, yankin Sudair. Ruwan saman da aka yi ya cika kwarin bayan dam ɗinsu. Ruwa fa na gaske, har da tsuntsaye. Ga wata fada ta ƙasa a kan dutse tana kallonsa. Gobe Juma'a mota na hannuna. Mu kai shi ya gani, ko Allah zai sa."

Ban ga yadda kallon ruwa zai hana mutum gudu ba, amma ba ni da wata dabarar. Matsalar ita ce Juma'a ranar ciniki ce a shagon nama. Na je na sami mudir, wato mai kula da shagon, wani ɗan Yaman mai saurin fushi. Ya yi ta faɗa, ya kira ni mara tausayi, ya ce duk ma'aikatan duniya shi aka haɗa da na banza. Da na gaya masa dalili sai ya buɗe firij ya ciro cinyar rago, irin wadda muke ɓoye wa manyan masu saye, ya naɗe ya dangwara mini a ƙirji. "Yalla, tafi," ya ce. "Ka gasa masa ya ci."

Isuhu ya yarda zai bi mu bisa sharaɗi ɗaya: in mun dawo, Bala ya sauke shi a tashar motocin Jidda, ya kwana can. Ya jefa jakarsa bayan mota da hannunsa.

Muka fita bayan sallar asuba, mu uku a gaba, Isuhu a tsakiya. Sanyin Riyad ba wasa ba ne, yana shiga har ƙashi. A shingen 'yan sanda na bakin gari aka karɓi iƙamarmu, katin zama ke nan, aka duba aka miƙo mana. Bala ya ce, "Ka ga yau da hannu ɗaya ka miƙa ta, ko gabanka bai faɗi ba. Ka tuna da wannan." Isuhu ya mayar da katin aljihu. Da muka tsaya wani gidan mai muka sayi burodi mai zafi da wake da shayi, ni da Bala muka cinye. Shi kofin kawai ya riƙe yana ɗumama hannu.

Hantsi ya yi muka sauka daga babban titi. Hamadar da na sani ja wur ta yi wani tsanwa-tsanwa saboda ruwan da ta sha. Muka ratsa sabon gari mai gidajen siminti, muka shiga tsohon, inda gidajen ƙasa suka zube rabi, kamar wata tsohuwar unguwa a cikin birnin Katsina da mutane suka ƙaurace wa. Bisa wani dutse ga fadar, doguwa, da soraye a kusurwoyinta da zankwaye a kai irin namu. A ƙarƙashinta kuma ruwa ne kwance, ya bi kwarin ya lanƙwasa bayan gonakin dabino. Bai kai tafkin Madarunfa ba, kuma ja-ja ne da laka, amma ruwa ne mai motsi da iska, da fararen tsuntsaye a gefe.

Na ji jikin Isuhu ya miƙe a kusa da ni. Bala ya karya kan mota zai gangara, sai Isuhu ya kama masa hannu.

"Tsaya. Ina za ka?"

"Bakin ruwa mana."

"Ruwan wa? Ka gaida mai shi?"

Rabon da in ji magana mai tsawon wannan daga bakinsa har na manta. Ya ce a wajensu baƙo ba ya isa gari ya zarce ruwa. Sai ya fara zuwa fada ya faɗi ya yi gaisuwa, ya faɗi sunansa da inda ya fito, mai gari ya haɗa shi da sarkin ruwa, a ba shi izini. Wanda ya tsallake wannan ɓarawo ne, ko da hannu kawai ya wanke. Ya juya ga Bala ya ce, "Akwai sarki cikin fadar can?"

Da Bala ya ce bai sani ba, da an huta. Amma Bala bai iya wannan kalmar ba. "Amir na nan mana," ya ce. "Ranar da na zo na ga tuta, na ga motoci a ƙofa."

"To da mi za mu shiga? Hannu rabbana?"

Kafin in yi magana ya miƙa hannu ƙarƙashin ƙafata ya ɗauke cinyar ragon. Na ce, "Kai Isuhu, ka san irin naman nan kuwa? Ni da nake yanka shi kullum ban taɓa ɗanɗana shi ba!" Ko waiwaye bai yi ba. Na bi shi ina ƙunƙuni, amma a raina murna nake, don tafiyar da yake yi a hawan dutsen nan ba ta mara lafiya ba ce.

A bakin ƙofa muka tuɓe takalma. Dutsen sanyi ƙarara, sai da na ɗaga ƙafa. Akwai wani allo mai dogon rubutu a jikin bango, muka ɗauka sunayen amir da kakanninsa ne. Ƙofar waje a buɗe take, sai wani zaure mai dakali. Isuhu ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya ce mu zauna, ba a yi wa fada gaggawa. Muka tsuguna a ƙasa, cinyar rago a gabanmu.

Can sai ga wani Balarabe da matarsa da yara, suka wuce mu da takalmansu, yaran na guje-guje a tsakar gida. Na ce a raina, ji rashin tarbiyya. Bala ya raɗa mana, "'Yan gida ne, jikokin amir." Muka gaishe su da ladabi, mutumin ya amsa yana kallonmu ta wutsiyar ido. Jim kaɗan sai ga wasu 'yan Filifin biyu da gajeren wando, da waya a kan dogon sanda, suna wa kansu hoto suna dariya. Har mu suka ɗauka.

Na ce, "Bala, waɗannan ma jikokin amir ne?"

Bala ya ce in rufe masa baki.

Ƙafata ta yi tsami, zuciyata ta fara raya mini cewa akwai abin da ba daidai ba, sai muka ji ƙarar sanda. Wani dattijo ne ke hawowa a hankali, da jan ƙyalle a kai, gemu ya sha lalle, sanda da tarin mabuɗai a hannu ɗaya, butar gahawa a ɗaya. Ya tsaya a kanmu ya dube mu, ya dubi ƙafafunmu, ya kaɗa hannu. "Mafi shugul, sadik," ya ce. Wato babu aiki a nan, aboki. Ya ɗauka neman aiki muka zo.

Isuhu ya gurfana, ya dunƙule hannu ya yi jinjina. "Ranka ya daɗe," ya ce, da muryar da ban san yana da ita ba. "Baƙi ne mu daga ƙasar Hausa. Mun iso garinku lahiya, mun ga ruwanku, ba mu taɓa ba. Mun zo gaida mai gari, a ba mu izini. Ga 'yar gaisuwarmu." Ya tura naman gaba.

Bala ya fassara da baki da hannu da kai. Dattijon ya sa ya maimaita. Da ya gane, sai ya fashe da dariya har ya sarƙe da tari, ya jingina da bango. Ya ce babu kowa a gidan nan. Mutanen gidan sun tashi tun yana yaro, jikokinsu suna Riyad. Gwamnati ce ta gyara ginin don masu yawon buɗe ido, shi kuwa aikinsa buɗe ɗakunan ciki da rufewa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Bala, Bala na duban rufin zaure.

Isuhu bai tashi ba. Ya ce, "Bala, tambaye shi, wa ke riƙe da mabuɗin gidan?"

Dattijon ya ɗaga mabuɗan ya ce shi ne.

"To shi ne mai gida. Gaya mashi gaisuwar tashi ce."

Dariyar ta ɗauke daga fuskar tsohon. Ya daɗe yana kallon Isuhu. Sannan ya yi magana a hankali, yadda ko ni na tsinci rabi. Ya ce ya tsufa yana buɗe ƙofar nan, mutane na shiga suna fita da wayoyinsu, bai taɓa ganin wanda ya yi wa gidan sallama ba. Ya zare nasa takalmin ya ajiye kusa da namu, ya ce mu biyo shi.

Ya buɗe wani ɗaki mai tsawo, da murhu a ƙuryarsa da tsofaffin butoci jere a bango. An gitta igiya don kada masu kallo su wuce. Ya ɗage ta, ya je ya zauna a gefen murhun inda mai gida ke zama a da, ya nuna wa Isuhu damansa. Ya zuba mana gahawa daga butarsa. Sai ya ce, "Sunanka?"

"Isuhu."

"Yusuf. Ɗan wa?"

Isuhu ya ce, "Ɗan Mamman."

"Mamman ɗan wa?"

"Ɗan Tanko."

"Yusuf bin Muhammad bin Tanku," in ji dattijon, yana auna kowace kalma. Ya dafa ƙirji ya ce shi Abu Salih ne, ya jero nasa iyayen. Ya karɓi naman da hannu biyu. Sannan ya gyara zama ya ce, ruwan dam na gwamnati ne, an hana iyo a ciki, wannan ba shi da iko a kai. Amma wutsiyar ruwan ta shigo gonarsa ta dabino, can ba zurfi, kuma can nasa ne. "Na ba ka izini, Yusuf. Kai da mutanenka."

Ya kai naman gidansa, muka bi shi masallaci aka yi Juma'a, sannan ya shige gaba a tsohuwar motarsa har gonar. Ruwan ya malalo tsakanin itatuwan, yana lasar gindinsu. Isuhu ya naɗe wando ya shiga. Ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya ɗan ƙara gaba ya tsaya. Ya ɗebi ruwan ya wanke fuska. Ya fuskanci alƙibla ya ɗaga hannu. Sai muka ji kuka, irin na babban mutum, wanda ke fitowa da ƙyar kamar ana ciro shi da ƙugiya. Yana kiran sunan Garba yana roƙa masa gafara. Tun ranar rasuwar ban ga hawayensa ba sai ranar.

Abu Salih ya tambayi Bala abin da ya faru, Bala ya gaya masa wansa ne ya rasu. Tsohon ya ajiye sanda ya ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga. Ban san lokacin da nawa hawayen suka zubo ba. Na yi wa Garba kuka, na yi wa kaina, na yi wa uwata da ban gani ba tun fitowata.

Da ya fito yana rawar sanyi, na yafa masa rigata ta sama. Ya zauna a kan wani kututture ya ce, "A gidanmu in babba ya rasu, duk namijin gidan sai ya shiga ruwa ya tsaya ya yi mashi addu'a. Can ya yi wahalarshi, can ya ciyar da mu. Kowa ya shiga, har yara. Ni kaɗai na rage. In na ɗauki loma sai in ga kamar shina tsaye bakin tabki shina jirana."

Na ce, "Haba Isuhu! Shi ne ba ka faɗa ba? Ka bar mu muna ta haukan banza?"

Ya share fuska da hannun rigata, ya dube ni. "Mahauci zan kai wa zancen ruwa? Kai da ko wanka sai an yi maka wa'azi?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba.

Aka kawo abinci daga gidan Abu Salih, shinkafa a babban faranti, cinyar tawa kwance a kai ta dahu luguf. Muka zauna a inuwar dabino. Tsohon ya riƙa yagar naman da hannunsa yana turawa gaban Isuhu. Ni da Bala muka yi kamar ba ma kallo. Isuhu ya ɗauki loma ta farko, ya daɗe yana taunawa. Ya ƙara. Daga nan sai da na fara kare gabana, don na ga mutumin zai rama duk abin da ya bari a kaina.

Muna ci Abu Salih na ba da labari, Bala na tsinto mana. Ya ce kada mu ga motoci da fitilu mu ɗauka haka ƙasar take tun asali. Kakansa yunwa ta kore shi daga garin nan, ya tafi bakin teku ya yi wa wasu nutso neman lu'ulu'u, shi da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce rijiya ba. An cuce shi, ya yi ciwo, amma ya dawo da ƙafarsa ya dasa waɗannan itatuwan da muke zaune a ƙarƙashinsu. Ya ce yanzu kuma nasa 'ya'yan duk Riyad ta kwashe, sai waya. Bai san komai game da jakar da ke bayan motarmu ba, mu kuma ba mu faɗa masa ba.

Bayan la'asar muka yi sallama. Ya cika mana leda da dabinon bara. Ya riƙe hannun Isuhu bai saki ba, ya ce, "Yusuf bin Muhammad, in dabino ya nuna ka dawo ka ci sabo. Kada ka aiko, kai nake so in gani."

"In sha Allahu, ranka ya daɗe," in ji Isuhu.

A hanyar dawowa babu wanda ya ta da zancen tasha. Na tsokani Bala da jikokin amir har ya yi rantsuwa zai sauke ni a hamada, Isuhu ya yi dariya. Amma hankalina bai kwanta ba. Mutum na iya ci ya ƙoshi, ya yi dariya, ya kuma aikata abin da ya ƙudura. Da muka fara hango dogayen gine-ginen Riyad sai hirar ta mutu da kanta.

Ana kiran magariba muka iso inda hanya ta rabu. Bala ya rage gudu, ya gangara gefe ya tsaya. Bai kalli kowa ba ya ce, "To Malam Isuhu, alkawari na ɗauka. Nan ta yi tasha, nan ta yi Suwaidi. Wacce?"

Isuhu ya dubi ledar dabinon da ke kan cinyarsa. Motoci na wucewa suna girgiza tamu. Na cije baki, don na san in na yi magana zan ɓata.

"Tun da na zo ƙasar ga," ya ce, "sadik ake ce mani. Sadik zo, sadik wanke. Yau an tambaye ni sunan ubana, har da na kakana." Ya numfasa. "Mutum ya gaida mai gari, ya ci abincinshi, ya ce mashi in sha Allahu gaban shaidu, sannan dabino ya nuna a ce ina Yusuf, a ce ai an kama shi ya gudu? Bala, mu tahi gida. Gobe akwai motocin mutane."

Bala ya kunna sigina ya hau hanyar Suwaidi. Ni kuwa na juya fuska wajen taga, don ba zan yarda masunci ya ga hawayen mahauci sau biyu a rana ɗaya ba.